Daminar Da Aka Raba Ni Da Ƙarfe

Kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo Funtua ba. Marka ce sosai, ruwan ba ya zuba da ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa, sai dai ya yi ta yayyafi har mace ta rasa inda za ta shanya zane. Da safe na fito hura gawayi ya ƙi kamawa, hayaƙin jiƙaƙƙen karan da na sa a ƙarƙashi ya cika mini ido. Warin nan kawai na shaƙa, sai na tuna ɗakin Inna da daminar da na yi a cikinsa shekara ashirin da biyar da suka wuce.

A lokacin shekarata talatin da shida, 'ya'yana huɗu, ina tuyar waina a ƙofar gida, kusa da kamfanin gurzar auduga inda maigidana Malam Isa yake aiki. Ni mace ce mai son maiƙo, ba na ɓoyewa. Miyar da ba ta yi ja da manja ba, a wurina ruwan wanke kwano ce. A cikin bazarar shekarar, ana tsananin zafin nan da ke sa mutum wanka sau uku, na ji wani ƙullu a nonona na hagu, kamar ƙwan zabuwa, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Daga asibitin Funtua aka tura ni Zariya, a can suka soka allura suka ɗebi kaɗan suka auna. Likita bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce ciwon daji ne, amma na zo da wuri, in dawo bayan mako uku a yi aiki, wataƙila ƙullun kaɗai za a cire. Ya rubuta ranar a jikin kati ya miƙo mini.

A mota muna dawowa Malam Isa ya ce ba daidai ba ne a yanka 'yar mutane iyayenta ba su sani ba. Na ga gaskiyarsa. Washegari muka hau babur ɗinsa zuwa ƙauyenmu, can bayan Bakori, inda sai an bar kwalta an haye wani rafi kafin a shiga. Da kayan kwana ɗaya na je.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, saboda haka tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma zama ta yi hira da ni kamar yadda take yi da ƙannena. "Ke" take ce mini, in ba na nan kuma "waccan ta Funtua". Ranar ce karo na farko da na ga ta manta da kunyar 'yar fari. Ina gama faɗar maganar aiki ta ajiye tankaɗen da take yi, ta matso ta kama wuyan hannuna.

"Daji? Daji za su sa wa wuƙa? Ke ba ki san daji ba ya son ƙarfe ba? Ana taɓa shi da ƙarfe sai ya watsu cikin jiki."

Na ce, "Inna, likita ya ce na zo da wuri."

"Haka aka ce wa Hanne."

Hanne ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Irin wannan ciwon ta yi, ta shekara biyu tana ɓoyewa, sai da ta kasa tashi aka kai ta asibiti aka yi mata aiki, ba ta yi arba'in ba ta rasu. Inna ce ta yi jinyarta. Shekaru biyun nan Inna ba ta lissafa su, wuƙar kawai take tunawa.

Sai ta ɗaga murya yadda Baba da Malam Isa da ke zaure za su ji. "Wallahi tallahi, muddin ina numfashi ba mai sa maki ƙarfe. In kuwa kika je a bayan idona, ban yafe nonon da kika sha ba."

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce ai sai in miƙe in hau babur in tafi. Ban iya ba. Ina tsoron mutuwa, amma na fi tsoron in shiga ɗakin tiyata da wannan magana a kaina, in kuma ƙi farkawa. Malam Isa kuwa suruki ne, ko ido ba ya haɗawa da Inna, balle ya yi musu da ita. Ya durƙusa a bakin zaure ya ce Allah ya ba da lafiya, ya koma Funtua shi kaɗai, 'ya'yanmu aka kai su wurin ƙanwarsa.

Kwana biyu tsakani aka ɗauko mai magani daga wajen Danja, wani dattijo siriri mai suna Ɗanjuma, mai sanyin magana. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yarda da abin da yake yi har zuciyarsa. Ya duba inda aka soka mini allura ya girgiza kai, ya ce sun riga sun tashe shi, amma da yardar Allah magani zai jawo shi waje. Ya zube sassaƙe da saiwoyi na jiƙawa, da wani baƙin gari da ake kwaɓawa da zuma a shafa. Sannan ya jero dokoki. Ba nama, ba mai, ba gishiri, ba sukari, ba madara, ba abincin gwangwani. Babbar dokar kuwa, kada ƙarfe ya taɓa ni, kada in taɓa shi.

Inna ta ɗauki wannan doka ta kai ta inda shi kansa Ɗanjuma bai yi zato ba. Aka cire mini 'yan kunne da zobe. Aka fitar da gadon ƙarfen da ke ɗakinta aka jingine a bayan rumbu, aka shimfiɗa mini tabarma a kan gadon kara. Ƙyauren langa-langa ma sai da Baba ya ciro shi aka rataya asabari. Abincina a tukunyar ƙasa ake dafawa, a zuba a ƙwarya, in sha da ludayi. Ganyen miyata da hannu ake tsinka shi, wuƙa ba ta taɓa shi. Farcena ya yi tsawo har na koma cizge shi da haƙori. Wata rana na manta na kama hannun bokiti zan gusar da shi daga hanya, Inna ta saki salati kamar na kama maciji, ta sa na wanke hannu da ruwan magani har sau uku. Na yi dariya a ranar, ita ce kuma dariyar da na daɗe ban sake yi ba.

Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka. Ina zaune a bakin asabari na ga hadarin ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashe ƙwaryar da ke kan turmi, sannan ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gidan. Washegari gari ya watse zuwa gona, maza da sungumi a gaba, mata da yara a baya suna zuba iri suna takewa. Tun ina yarinya ina son ranar shuka. Na roƙi Inna ta bar ni ko binne iri in yi, ta ce gona cike take da fartanya da sungumi, wa zai tsare ni? Na zauna gida ni da kaji. Ranar da likita ya rubuta a kati ta zo ta same ni ina tsinkar zogale, ta kuma wuce. Katin yana cikin kullin zanena, na san ranar ko ban duba ba.

In faɗi gaskiya, makonnin farko jikina ya yi daɗi. Ƙibar da ta dame ni ta sauka, ciwon kan da nake tashi da shi ya tafi, ina barci kamar jaririya. Da safe kunun gero ba sukari, da rana dafaffen zogale ko rama, da yamma tuwon dawa da miyar kuka salam ba gishiri. Bayan la'asar in zaga tsakar gida sau ashirin, in zauna in ja carbi. Mata masu zuwa dubiya suna cewa na yi haske, Inna tana sunkuyar da kai tana murmushi. Har yau ina cin ganye fiye da da, na kuma rage mai, ban ga laifin wannan ba. Sai dai duk lokacin da na shiga wanka na sa hannu, ƙullun yana nan, kuma ya wuce ƙwan zabuwa.

Duk Juma'a Malam Isa yana zuwa a kan babur. Ba ya shiga ɗakin surukarsa, sai in fito mu tsaya a zaure, shi can ni nan, saboda makullin babur da ke hannunsa da agogonsa. Ya ba ni labarin yara, ya ce auta ta daina kukan nemana, wai don hankalina ya kwanta. Wannan magana ta fi ɗacin sassaƙen zafi a raina. Sau ɗaya ya yi ƙarfin hali ya aika wa Inna ta bakin Baba cewa ko za a gwada komawa Zariya a duba kawai. Daga cikin gida ta mayar masa da rantsuwarta, kalma ba ta canza ba.

Aka yi noman fari, aka yi maimai, masara ta kai gwiwa ta wuce ƙugu. Daga nan aka shiga kwanakin da kowane manomi ya sani, gona kore shar, rumbu kuwa sai a shiga da tsintsiya. Shekarar da ta gabata dawa ba ta yi kyau ba, saboda haka yunwar ta zo da wuri. Gidanmu aka koma tuwo sau ɗaya a yini, da rana kuwa tafasa ce ake dafawa a kwaɗanta da ɗan ƙuli. Abin dariya, sai ga gari duka ya dawo kan dokar Ɗanjuma ba tare da ciwo ba, ba nama ba mai. Amma ni ba a taɓa rage mini kunu ba. Daga baya na gane geron da Inna take daka mini daga rabonta yake fitowa, ita kuwa ta ce cikinta ne ba ya son abu da safe.

Ranar gayyar Baba, maza wajen talatin suka taru yin huɗa a gonar dawa, da makaɗi ɗaya da gangarsa. Mata suka cika tsakar gida, aka haɗa ɗan abin da kowace ta kawo aka tuƙa tuwo a manyan tukwane. Ni da nake tuya wa layin ma'aikata waina kafin rana ta fito, aka zaunar da ni a lungu aka ce kada in matso, akwai wuƙaƙe. Ina jin kiɗan daga nesa, ina jin ihun samari idan wani ya riga wani kai ƙarshen kunya. Na ji haushin kowa a ranar, har da makaɗin.

Sai marka ta kama. Kwana da kwanaki ba rana. Itace ya jiƙe, Inna ta yi ta fama da kara a murhu, hayaƙi yana shigo mini ta asabari. Rufin ɗakin ya fara yoyo a wuri uku, aka jera ƙore ana tarar ruwa. Tabarmata ta yi sanyi, zannuwana suka yi warin ruma, katangar bayan gida ta zube. Rafi ya cika ya batse, babur ba ya hayewa, Malam Isa ya daina zuwa. A wancan zamani ba waya a hannun kowa, in rafi ya raba ku to ya raba ku. Yanzu an yi gada a wurin, 'yan mata suna wucewa a keke mai ƙafa uku suna danna waya, ba su ma san akwai ruwa a ƙasa ba.

A cikin markar ciwo ya fara. Nonon ya kumbura ya yi tauri, fatar ta yi baƙi, wani ƙullun kuma ya fito a hammata. Hannuna na hagu ya yi nauyi. Wata safiya na tashi na ga gaban rigata ya jiƙe, wurin ya fashe.

Inna ta duba, sai ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi! Ya fito! Magani ya jawo shi!"

Haka Ɗanjuma ya faɗa tun farko, cewa ranar da ya fashe to dajin ne yake barin jiki. Aka aika masa, ya aiko da ƙarin garin shafawa da albishir. Inna ta share ƙasan rumbu ta tattaro ɗan geron da ya rage, ta yi gumba ta sadaka, aka raba gida-gida. Mata suka yi ta shigowa cikin yayyafi da buhu a ka suna yi mini barka. "Barka da arziki, Rabi." "Kin auna arziki." Ina zaune da ƙyalle a ƙirji ina amsawa, "Barkanmu dai." Ni kaɗai na san ba sauƙi nake ji ba. Wani wari yake tashi daga ƙarƙashin ƙyallen, wanda turaren wutar da Inna take sakawa bai iya rufewa ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan rana ba, ɗaki cike da masu ƙaunata, kowa yana murna.

A cikin masu barkar akwai Iya Kande, tsohuwar da take wankan gawar mata a ƙauyenmu, sa'ar Inna ce, tare suka yi 'yan matanci. Ta shigo da sandarta ta zauna kusa da ni. Ba ta yi mini barka ba. Ta jira sauran suka fita, ta ce in buɗe ta gani. Ta duba ta daɗe, ta mayar da ƙyallen a hankali, sannan ta kira Inna da sunanta, abin da ba mai yi a garin sai ita.

"Abu, zo nan. Mi kike ma sadaka?"

"Ba ki gani ba? Ya fito."

"Na gani. Mata uku na wanke masu wannan warin a garin nan, kuma duk sai da aka yi masu gumba. Ba fita yake ba, ci yake."

Inna ta ce, "Kande, bakinki ya sari ɗanyen kashi."

"Ki zage ni, ba komai. Amma ki zaɓa. Ko ki bari su yanke mata nono ɗaya, ko ni in wanke maki ita da nonuwanta biyu kafin a karya masara. Hanne ma ni na wanke ta, kuma ba wuƙa ce ta kashe ta ba, ɓoyo ne. Ke ma kin sani."

Ta dogara sandarta ta fita cikin ruwa. Inna ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ruwan yoyo yana ɗiga mata a kafaɗa ba ta gusa ba. Ba ta dube ni ba. Can ta ɗauki ƙwaryar maganina ta fita da ita, na ji ta koma hura wuta.

Na zaci za ta yi magana da yamma, ba ta yi ba. Washegari ta kawo mini kunu, ta wanke mini ciwon da ruwan ɗumi, amma ba ta shafa baƙin garin ba. Da rana aka sauke tafasa, ƙanwata ta miƙa mata, ta ce ta ƙoshi. Na lura leɓɓanta sun bushe, ga shi ranar Talata ce, ba Litinin ba ba Alhamis ba, ba kuma watan azumi ba. Da Baba ya dawo daga gona na tare shi a bakin rumbu na tambaye shi.

Ya ce, "Jiya ta sa na je wurin liman na tambayo mata. Ya ce wanda ya rantse da Allah, ya kuma ga alheri yana cikin warware rantsuwar, sai ya warware ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. In ba hali, azumi uku. Kin dai ga rumbunmu."

Na zauna a kan turmi na yi kuka. Inna ba za ta iya duban idon 'yar fari ta ce ta yi kuskure ba, ba za ta iya ce mini je ki ba. Abin da ta iya shi ne ta kama baki a cikin yunwar marka, da cikin da dama ba komai a cikinsa.

Kwana ukun nan sun fi mini watanni ukun da suka wuce tsawo. Ta ce ba inda za ni sai ta cika, rafi kuma dama bai ba da hanya ba. Ina kallonta tana daka tana hutawa, tana jan guga da ƙyar. Da magariba ta sha ruwa da ɗan ganye, shi ke nan. A rana ta huɗu ruwa ya ɗan janye. Baba ya samo majiya ƙarfi huɗu, suka ɗora ni a kan gadon kara suka ɗaga a kafaɗa, ruwa yana kai musu ƙirji. Inna ta rako mu har bakin rafi, ta tsaya a gefe da mayafi a ka. Na ce, "Inna, na tafi." Ta dubi ruwa ta ce wa Baba, "Ku riƙe ta da kyau." Daga can ƙetare na waiwaya, tana nan inda muka bar ta.

Likitan Zariya ya karɓi katin, ya duba ranar da ya rubuta, ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce yanzu maganar cire ƙullu ta wuce, nonon duka za a cire har da hammata, sannan a bi da ƙarin ruwa mai ƙarfi na watanni, sauran kuma sai abin da Allah ya yi. Haka aka yi. Gashin kaina ya zube, na yi amai har na raina kaina. Hannuna na hagu ya kumbura, har yau bai koma daidai ba, ban sake riƙe taɓarya da hannu biyu ba, tuyar waina ma sai na bar wa 'yata. Wannan shi ne abin da watanni uku da rabi suka ci mini, kuma na daɗe ina jin zafin Inna a kansa, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai da aka karya masara, dawa ta fara nuna, sannan na samu ƙarfin zuwa gida tsakanin ƙarin ruwa da ƙarin ruwa. Rafi ya koma iya idon sawu. Gari ya cika da ƙamshin sabon hatsi, kowane gida an baza masara a tsakar gida, yaran garin da na bari da wuya kamar zare sun murmure. Muna shiga zaure Baba ya tare ni, ya rage murya.

"Ki yi ma uwarki magana. Tun da kika haye rafin nan ba ta sha ruwa da rana ba. Liman ya yi, Kande ta yi, ni na yi har na gaji."

Na same ta a bakin murhu tana ɓare masara. Kowa a garin ya yi ƙiba sai ita. Zanenta ya zagaye ta ya yi saura, ƙasusuwan wuyanta a waje. Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a gefen ƙirjina da ya shafe, sannan ta mayar da kai kan masararta.

"Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, Inna." Na durƙusa kusa da ita. "Inna, azumin mi kike yi? Liman ya ce uku ne, kin kuwa cika tun ina nan."

Ta ci gaba da aikinta. Can ta ce, "Uku na rantsuwa ɗaya ne. Ni kuwa na rantse ma mijinki, na rantse ma ubanki, duk wadda ta zo dubiya sai na sake rantse mata. Ban san ko sau nawa ba ne. Na ji tsoron kada in bar guda ɗaya ban biya ba, ta je ta same ki a ƙarƙashin wuƙa."

Na ce, "To ga ni na dawo. Ki sha ruwa."

Na miƙe na ɗebo a randa da hannuna mai lafiya, na kawo mata har baki. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi rana, ta ce na yau ta riga ta ɗauka, ba za ta zubar ba. Ta gusa mini a kan tabarma. Na ajiye ruwan a tsakaninmu na zauna, na ɗauki masara ɗaya na riƙe da gwiwa ina taya ta ɓarewa da hannun dama, muna jiran kiran magariba.